Johannes Gutenberg

Johannes Gensfleisch zur Laden zum Gutenberg (an haife shi wajajen shekarar 1400, ya mutu ranar 3 ga Fabrairu, 1468) Bajamushe ne masanin ƙirar fari kuma ɗan kasuwa, ɗan asalin birnin Mainz da ke bakin kogin Rhine. Shi ne ya ƙago hanyar buga littattafai da haruffan ƙarfe masu cirewa a nahiyar Turai, wajajen shekarar 1450. Aikinsa mafi shahara shi ne Littafi Mai Tsarki na harshen Latin mai layi 42, wanda aka kammala wajajen 1455. Fasaharsa ta samo asali ne daga sana'o'i da buƙatun al'ummar da ya tashi a cikinta, daga baya kuma ta sauya addini da ilimi da siyasa da harsunan Turai. Shi kansa bai ci ribarta sosai ba, domin ya rasa kayan aikinsa a gaban shari'a, kuma babu littafi ko guda da ya fito ɗauke da sunansa.

Asali da ƙuruciya

Mahaifinsa, Friele Gensfleisch, yana cikin tsofaffin gidajen attajirai da ke riƙe da majalisar birnin Mainz, kuma yana cikin ƙungiyar da ke kula da gidan buga kuɗi na babban bishop. Mahaifiyarsa, Else Wyrich, 'yar mai kanti ce. Sunan Gutenberg sunan gidan da iyalin suke zaune a ciki ne, kamar yadda aka saba kiran manyan iyalai da sunan gidajensu a lokacin. Birnin Mainz ya ɗauki 1400 a matsayin shekarar haihuwarsa domin yin bikin cikarsa shekara 500 a shekarar 1900.

Mainz ta ƙuruciyarsa gari ne mai yawan rikici tsakanin tsofaffin attajirai da ƙungiyoyin masu sana'a, a kan haraji da bashin da ya yi wa birnin katutu. A 1411 fiye da mutum ɗari daga manyan gidaje suka bar garin saboda wannan rikici. Mahaifinsa ya mutu a 1419. Da rikicin ya sake tashi a ƙarshen shekarun 1420, Gutenberg ma ya bar Mainz. Ana zaton kusancin gidansu da masu buga kuɗi ne ya sa ya san yadda ake sassaƙa hatimi a kan ƙarfe, da narka ƙarafa, da fitar da abu iri ɗaya sau dubbai ba tare da ya bambanta ba.

Yanayin littattafai a zamaninsa

A Turai ta lokacin da hannu ake kwafar kowane littafi. Kwafar Littafi Mai Tsarki guda kan ɗauki magatakarda fiye da shekara, saboda haka sai coci-coci da sarakuna da attajirai ke iya mallakarsa. Amma buƙatar rubutu tana ƙaruwa. An buɗe jami'o'i a Prague a 1348, da Vienna a 1365, da Heidelberg a 1386, da Cologne a 1388, da Erfurt a 1392, da Leipzig a 1409. 'Yan kasuwa da lauyoyi da ma'aikatan hukuma duk suna neman takardu, masu kwafa kuma ba sa iya wadatar da su.

Takarda ma ta samu a lokacin. An ƙirƙiro ta a ƙasar Sin, ta ratsa ƙasashen Musulmi ta Samarkand da Bagadaza, ta shiga Andalus da Italiya. A 1390 aka kafa masana'antar takarda a Nuremberg. Da a kan fata kaɗai ake rubutu, da tsadar fatar ta hana bugun littattafai da yawa.

Ba Gutenberg ne farkon mai ɗab'i a duniya ba. Sinawa sun daɗe suna sassaƙa shafi sukutum a kan katako su buga, kuma akwai littafin addinin Buddha da aka buga ta haka a shekarar 868. A shekarun 1040 wani mai suna Bi Sheng ya yi haruffa masu cirewa da yumɓu. A Koriya an buga littafin Jikji da haruffan ƙarfe a 1377. Sai dai rubutun Sinanci yana da alamomi dubbai, don haka sassaƙa katako ya ci gaba da zama mafi sauƙi a can. Rubutun Latin kuwa haruffansa ba su kai talatin ba, kuma hakan ya taimaka wa dabarar ta yi nasara a Turai.

Zaman Strasbourg

Daga 1434 zuwa 1444 takardun hukuma sun nuna Gutenberg yana zaune a Strasbourg. A 1434 ya sa aka tsare magatakardan birnin Mainz da ya zo garin, domin Mainz ta daina biyansa kuɗin shekara da take bin kanta, kuma bai sake shi ba sai da hukumar Strasbourg ta sa baki. A garin ya riƙa koyar da goge duwatsu masu daraja don samun kuɗi.

A 1438 ya haɗa jari da Hans Riffe da Andreas Dritzehn da Andreas Heilmann domin ƙera ƙananan madubai da za a sayar wa masu ziyarar ibada a Aachen. Duk bayan shekara bakwai ake nuna wa jama'a wasu kayayyaki da Kiristoci ke ɗauka masu tsarki a wannan gari. Saboda cunkoso, mutane kan ɗaga madubi daga nesa da imanin cewa zai kamo albarkar kayan su tafi da ita gida. Abokan jarin sun yi shirin ziyarar a 1439, amma ba a yi ta ba sai 1440, kuɗinsu ya maƙale. Daga nan suka ƙulla sabuwar yarjejeniya a kan wata sana'a da Gutenberg yake ɓoyewa.

Andreas Dritzehn ya mutu a ƙarshen 1438. 'Yan'uwansa biyu suka kai Gutenberg ƙara a 1439 suna neman a sa su cikin haɗin gwiwar, kotu kuma ta ba Gutenberg gaskiya. Shaidun da aka saurara sun ambaci wani injin matsa da wani mai suna Konrad Saspach ya haɗa, da sayen dalma, da wasu sassa da Gutenberg ya aika a wargaza don kada kowa ya gane su. Yawancin masana tarihi suna ɗaukar wannan a matsayin gwajin farko na ɗab'i.

Yadda fasahar take aiki

Abin da Gutenberg ya yi shi ne haɗa dabarun sana'o'i da dama su zama aiki guda. Da farko ana sassaƙa harafi a juye a bakin wani ɗan sandan ƙarfe mai tauri. Sai a doka shi a kan guntun jan ƙarfe, ya bar gurbin harafin. Wannan guntu shi ne uwar harafi. Ana sa shi a ƙasan wani mazubi da ake riƙewa a hannu, wanda ake iya faɗaɗa shi ko a tsuke shi gwargwadon faɗin harafin, sai a zuba narkakken ƙarfe. Ƙarfen haɗin dalma ne da kuza da antimoni. Yana narkewa da wuri, yana sandarewa nan take, kuma yana fitar da siffar harafi tsaf. Daga uwa guda ana iya zuba haruffa dubbai masu tsayi ɗaya.

Mai jera haruffa yakan ɗauko su ɗaya bayan ɗaya ya haɗa layi, layuka su zama shafi, a ɗaure su cikin firam. Tawadar magatakarda ta ruwa ce, ba ta kama ƙarfe, don haka ya haɗa tawada mai kauri da mai, irin wadda masu zane suke amfani da ita. Binciken zamani ya gano tana ɗauke da dalma da jan ƙarfe da yawa, abin da ya sa har yau take baƙa ƙirin tana sheƙi. Injin matsa kuwa ya kwaikwayo shi ne daga wanda ake matse inabi da takarda da shi a yankin Rhine, mai ƙaton katako da ake murɗawa kamar noti. Idan an gama bugu sai a warware haruffan a mayar da su akwatinsu don wani shafi.

Komawa Mainz da ayyukan farko

A watan Oktoba na 1448 Gutenberg yana Mainz, inda ya ranci gulden 150, wato kuɗin zinariya na lokacin, wani ɗan'uwansa Arnold Gelthus ya tsaya masa. Wajajen 1450 wani attajiri mai suna Johann Fust ya ba shi rancen gulden 800, kayan aikin da za a yi da kuɗin su ne jingina. Bayan kamar shekara biyu ya ƙara masa wasu 800 a matsayin abokin jari. Peter Schöffer, wanda ya yi aikin kwafar littattafai a Paris, ya shiga aikin.

Abubuwan farko da suka fito daga maɗaba'ar Mainz sun nuna abin da kasuwa take so. Akwai ƙaramin littafin nahawun Latin na Donatus, wanda kowane ɗan makaranta yake buƙata, aka yi ta sake buga shi. Akwai kuma takardun neman gafara da cocin Katolika ke ba wanda ya bayar da kuɗi. Bayan da Turkawa suka ci Kustantiniyya a 1453, an tara kuɗi ta wannan hanya don kare tsibirin Saifurus da ke tekun Bahar Rum. An buga takardun a 1454 da 1455 da gurbin da za a cike suna da kwanan wata da hannu, kamar fom ɗin ofis na yau. A ƙarshen 1454 an buga wata kalanda a Jamusanci da ke kiran sarakunan Turai su yaƙi Turkawa. Wato tun daga farko fasahar ta shiga hidimar makaranta da coci da farfagandar siyasa.

Littafi Mai Tsarki mai layi 42

Babban aikin shi ne Littafi Mai Tsarki a fassarar Latin da coci ke amfani da ita. Yana da shafi fiye da 1,280, yawanci cikin mujalladi biyu, kowane shafi an raba shi gida biyu. Shafukan farko layi 40 ne, daga baya aka ƙara zuwa 42 don a rage cin takarda. An buga kimanin kwafi 180, kusan kashi uku cikin huɗu a kan takardar da aka shigo da ita daga Italiya, sauran a kan fatar 'yan maruƙa. Kwafin fata guda ya ci kimanin fatu 170.

Gutenberg ya yi ƙoƙari littafin ya yi kama da aikin hannu, domin shi masu saye suka sani kuma suka yarda da shi. Ya kwaikwayi salon rubutun coci mai kauri, ya zuba kusan siffofi 290 na haruffa, har da haɗaɗɗun haruffa da alamomin taƙaita kalma irin na magatakarda, don layuka su ƙare daidai da juna. An bar gurabun manyan haruffa da kanun surori babu komai, mai saye ya kai wa mai ado ya cike da launi. Shi ya sa babu kwafi biyu da suke kama da juna ta kowace fuska.

Enea Silvio Piccolomini, wanda daga baya ya zama Fafaroma Pius na II, ya ga wasu shafukan a Frankfurt a ƙarshen 1454. A wata wasiƙa da ya rubuta a Maris 1455 ya yaba tsabtar rubutun, ya bayyana cewa ana karanta shi ba tare da tabarau ba, kuma an riga an sami masu sayen kwafin tun ba a gama ba. Kwafi 49 ne suka kai zamaninmu, 21 daga ciki cikakku.

Shari'a da Fust

A 1455 Fust ya kai Gutenberg ƙara yana neman fiye da gulden 2,000, uwar kuɗi da ruwa, bisa zargin cewa ya karkatar da kuɗin zuwa wasu ayyuka. Abin da ya rage na shari'ar shi ne takardar da wani ma'aikacin shari'a, Ulrich Helmasperger, ya rubuta ranar 6 ga Nuwamba, 1455, ranar da Fust ya yi rantsuwa. Takardar tana ɗakin karatu na Jami'ar Göttingen. Sakamakon shari'ar, babbar maɗaba'ar ta koma hannun Fust, Schöffer kuma ya bi shi, har ya auri 'yarsa. A 1457 su biyun suka fitar da littafin Zabura na Mainz, littafi na farko a Turai da ya ɗauki sunayen waɗanda suka buga shi da ranar bugu. Alamu sun nuna Gutenberg ya ci gaba da ƙananan ayyuka, kuma wasu masana suna jingina masa ƙamusun Catholicon mai ɗauke da shekarar 1460.

Yaƙin Mainz da mutuwarsa

A 1461 rikici ya ɓarke tsakanin Diether von Isenburg da Adolf von Nassau a kan kujerar babban bishop na Mainz. Ɓangarorin biyu duk sun sa an buga musu takardun kare matsayinsu an rarraba, kuma wannan yana cikin lokutan farko da aka yi yaƙin cacar baki da bugaggen rubutu. Ranar 28 ga Oktoba, 1462 sojojin Adolf suka ci birnin, aka kashe ɗaruruwan mutane, aka kori wasu da dama. Rushewar kasuwancin garin ta ƙara tura ma'aikatan ɗab'i zuwa wasu ƙasashe tare da sirrin sana'ar.

A watan Janairu na 1465 Adolf ya sa Gutenberg cikin mutanen fadarsa, ya yanka masa tufafi da hatsi da giyar inabi duk shekara, ya kuma ɗauke masa haraji. Ya mutu a 1468, aka binne shi a cocin ɗariƙar Faransiskan a Mainz. An rushe cocin daga baya, kabarin ya ɓace. Kayan ɗab'in da ya bari sun koma hannun wani lauya, Konrad Humery. Duk hotunansa da ake gani an zana su ne bayan mutuwarsa.

Yaɗuwar ɗab'i da tasirinsa

Sana'ar ta bi hanyoyin kasuwanci. Ta isa Strasbourg da Bamberg wajajen 1460, Cologne da Subiaco ta Italiya a 1465, Venice a 1469, Paris a 1470, sannan William Caxton ya kafa maɗaba'a a Ingila a 1476. Kafin 1501 an sami maɗaba'u a garuruwa fiye da 200, kuma bugu daban-daban da aka sani daga wannan zamani sun kusa 30,000. Venice, birnin fatake, ita ta fi kowa yawan bugu.

Hukumomi sun ga haɗarin abin da wuri. A 1485 babban bishop na Mainz, Berthold von Henneberg, ya hana buga fassara zuwa Jamusanci sai da izini. A 1559 fadar Fafaroma ta fitar da jerin littattafan da aka haramta. Wasu malamai ma sun yi fargaba. Johannes Trithemius ya rubuta littafi a 1492 yana kare sana'ar kwafa da hannu, amma don ya kai ga jama'a sai da ya ba da shi aka buga a 1494.

Takardun neman gafara da ɗab'i ya sauƙaƙa yawaitarsu su ne Martin Luther ya soka a 1517, kuma ɗab'in ne ya watsa sukar tasa a Jamus cikin ɗan lokaci. Shekara ɗari kafin nan, an ƙona Jan Hus a 1415 saboda irin wannan suka, ra'ayinsa kuma ya fi tsayawa a ƙasarsu ta Bohemia. A fannin kimiyya, bugu ya ba malamai na ƙasashe daban-daban damar duba shafi ɗaya da zane ɗaya. A 1543 aka buga littafin Copernicus kan tafiyar duniyoyi da na Vesalius kan sassan jikin mutum. Haka kuma ɗab'i ya yaɗa ɓarna, kamar littafin farautar mayu mai suna Malleus Maleficarum, wanda ya fito a ƙarshen shekarun 1480 aka yi ta sake buga shi. A 1605 Johann Carolus ya fara buga jaridar mako-mako a Strasbourg, wadda ake ɗauka ta farko a duniya.

Tasiri a kan harshe

Fiye da kashi 70 cikin 100 na littattafan da aka buga kafin 1501 da Latin ne. Amma masu jin Latin ba su da yawa, mai maɗaba'a kuma ɗan kasuwa ne, don haka aka karkata ga harsunan jama'a. Mai son sayar da littafi a garuruwa da yawa dole ya zaɓi karin harshe guda da rubutu guda da kowa zai gane. Fassarar Sabon Alkawari ta Luther a 1522, da cikakkiyar fassararsa ta 1534, sun taimaka wajen samar da daidaitaccen Jamusanci. A Ingila masu ɗab'i sun bi karin Landan, rubutun kalmomi ya daskare alhali furucin wasula yana ci gaba da sauyawa, kuma wannan yana cikin dalilan da rubutun Ingilishi ya saɓa da furucinsa. Shafin take da lambar shafi da fihirisa duk sun kafu ne a zamanin ɗab'i.

Inda tsarin rubutu da al'ada suka bambanta, fasahar ta ɗauki wata hanya. Haruffan Larabci suna haɗuwa da juna suna kuma sauya siffa, don haka zuba su a ƙarfe ya yi wuya, ga kuma darajar da kyakkyawan rubutun hannu yake da ita a wurin Musulmi. An buga littafin Larabci na farko da haruffan ƙarfe a Italiya a 1514. A Daular Usmaniyya ta Turkiyya, Ibrahim Müteferrika ya sami izinin ɗab'i a 1727 ban da littattafan addini, ya fitar da littafinsa na farko a 1729. Ɗab'in dutse, wanda aka ƙago a ƙarshen ƙarni na 18, ya fi samun karɓuwa a ƙasashen Musulmi da yawa domin yana fitar da rubutun hannun magatakarda yadda yake. Mushafin Madina da ake karantawa a yau ma rubutun hannun Usman Taha ne aka buga.

Hausa ta gamu da ɗab'i a ƙarni na 19, lokacin da James Frederick Schön ya buga littafin kalmomin Hausa a Landan a 1843. Baƙaƙen Latin ba su wadatar da sautukan Hausa ba, shi ya sa aka riƙa sa ɗigo ko wata alama a jikin wasu haruffa, har zuwa shekarun 1930 da aka tsayar da haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a Zariya a 1939, ta taimaka wajen kafa daidaitacciyar Hausa.

Ra'ayoyin masana da tunawa da shi

Masana sun yi saɓani kan ko injin ne ya sauya al'umma ko al'umma ce ta ba shi siffa. Marshall McLuhan a 1962, da Elizabeth Eisenstein a 1979, sun jaddada ƙarfin ɗab'i wajen sauya tunani da adana ilimi. Adrian Johns a 1998 ya nuna cewa littattafan farko cike suke da kurakurai da satar bugu, kuma amincewa da bugaggen rubutu abu ne da mutane suka gina a hankali ta hanyar dokoki da ƙungiyoyin sana'a. Kowane ɓangare yana samun hujja a tarihin Gutenberg.

An kafa mutum-mutuminsa a Mainz a 1837, aka kafa gidan tarihi mai sunansa a 1900, jami'ar birnin kuma tana ɗauke da sunansa tun 1946. Shirin Project Gutenberg, wanda Michael Hart ya fara a Amurka a 1971 don ajiye littattafai kyauta a kwamfuta, shi ma sunansa ya ɗauka. Tsarin injinsa na katako ya ci gaba da aiki ba tare da babban sauyi ba kusan shekara 350, har zuwa farkon ƙarni na 19 da aka fara injunan ƙarfe da masu aiki da tururi.